Gona Ta Daina Hutu: Ina Shirye-shiryen Raya Noma Suka Kwana?



Batun da muka kawo gabanku yau shi ne noman sassabe, watau manomi ya sare daji, ya yi toyi, ya noma wurin 'yan shekaru, in ƙasa ta gaji ya bar ta saura ya koma gaba. Masu tsara shirye-shiryen raya karkara sun daɗe suna kiran wannan ɓarna. Mu dai a ganinmu hutun nan shi ne takin talaka. Duk shirin da zai raba shi da hutun gona, wajibi ne ya ba shi abin da zai tsaya a madadinsa, kuma a nan ne yawancinsu suka kāsa.

Mu ɗauki Mokwa. A 1949 Turawan mulki suka buɗe babban shirin noma a can, aka kawo motocin noma, aka zaunar da manoma a filaye masu faɗi. Mota ta yi huɗa, amma cire ciyawa sai da hannu, fili kuwa ya fi ƙarfin iyali guda. Ga shi kashi biyu cikin uku na amfanin gona na kamfani ne. Zuwa 1954 kamfanin ya janye.

Darasi mafi girma a nan ƙofar gidanmu ya fito. Tashar binciken noma ta Samaru ta kafu tun 1922, shekara arba'in kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. An daɗe ana yi wa manomi huɗubar ya shuka iri ɗaya a gona ɗaya, shi kuwa ya ƙi, yana ta haɗa gero da dawa da wake. Sai a 1966 da 1967 David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna lissafin aikinsu da abin da suke girba. Sakamakon ya nuna gaurayen shuka ya fi riba a kowace eka, ya kuma fi kare gida in damina ta yi gardama. Haka zancen auduga: malaman gona suna cewa a shuka da wuri, alhali lokacin ne manomi yake noman hatsinsa. Wa zai bar abincin gidansa cikin ciyawa domin auduga?

Shirin Funtua na 1975, wanda Bankin Duniya ya tallafa, lalle ya taɓuka: hanyoyi, takin zamani mai rangwame, da masara wadda ta mamaye ƙasar. To amma masara ba ta yi sai da taki. Da rangwamen ya fara ja da baya, sai ƙaramin manomi ya wayi gari ba taki, ba kuma dajin da zai koma, domin jama'a ta yawaita. Ƙuduji ya sami wurin zama.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Mutanen Naga, a tsaunukan arewa maso gabashin Indiya, su ma noman sassabe suke yi, an kuma sha fama da su a kan su bari. Amma a ƙauyen Khonoma, tun kaka da kakanni, manoma suna barin wata bishiya mai gyara ƙasa a gonakinsu, suna sassare rassanta kawai, saboda haka gona takan farfaɗo cikin 'yan shekaru. Mu ma ai mun san gawo. A ƙasar Maraɗi, daga wajen 1983, manoma suka koma rainon tohon kututture maimakon tumɓuke shi, abin da suke kira sassaben zamani, har itatuwa suka dawo gonaki da ɗan abin kashewa kaɗan.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya, a hutun damina mai zuwa, 'yan sashen noma da na tattalin arziki su fita ƙauyukan da ke kewaye da Samaru, su tambayi manoma shekara nawa rabon da gonarsu ta huta, da abin da suke zuba mata yanzu. Abin da aka tattaro a buga shi a wannan mujalla da Hausa.