Ƙullutun Da Akan Haifi Jariri Da Shi

Yau zancenmu a kan wani ƙullutu ne da akan haifi jariri da shi. Ba safai akan gan shi ba, ungozoma ta iya tsufa ba ta taɓa cin karo da shi ba. Amma ran da ya zo gidanku, ya kamata ku san abin yi.

Ga asalinsa. Sa'ad da ciki ya kai kamar mako 4, huhun ɗa yakan fara toho daga wata 'yar hanya, wadda daga baya za ta rabu biyu, watau hanyar abinci da ta numfashi. To, wani lokaci ɗan guntun tohon nan yakan ɓalle, ya zauna ƙarƙashin fata, ya zama ƙullutu. In likita ya cire shi ya duba da madubinsa, sai ya ga irin naman huhu ne ko na bututun iska. Yawanci yakan fito a ɗan ramin nan na gindin wuya, ko bisa ƙashin ƙirji, ko wajen allon kafaɗa. Wani yana da 'yar kafa mai ɗigar da ruwa mai yauƙi.

Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba kuwa laifin mai jego ba.

Abin da nake roƙonku, ran suna in wanzami ya zo aski, kada ku bari ya sa wa wurin aska. Kada a yi sakiya, kada a matse. Wannan ba maruru ba ne da zai fashe ya huce. In an tsaga, jini zai zuba, ƙazanta ta shiga, kuma muddin jakarsa na ciki sai ta sake cika. Ga wani haɗari kuma. Akwai ƙullutun tsakiyar gadon baya ko na ƙeya, wanda ke haɗe da laka ko ƙwaƙwalwa. A tsaga irin wannan, ana iya rasa yaron.

Ku kawo shi ɗakin magani mu duba, mu ba ku takarda zuwa babban asibiti. Can likita zai ɗauki hoto ya ga zurfinsa, sa'an nan ya cire shi duka da jakarsa. In wurin ya yi ja, ko yaro yana numfashi da ƙyar, ko ya kasa kama nono, kada ku jira gari ya waye.

Allah ya raya mana su. Sai mako mai zuwa.