Malami Ma Ɗan Adam Ne

(Wannan shi ne jawabin da malaman makaranta 'yan unguwarmu suka gabatar a taron iyayen yara da ƙungiya ta kira a nan Sabo, Ibadan. Mun buga shi kamar yadda aka karanta, domin waɗanda ba su samu halarta ba.)

 

Mu da muke tsaye a gabanku ba baƙi ba ne. A Sabon nan aka haifi yawancinmu, wasunku ma sun goya mu. Wasunmu suna koyarwa a makarantun gwamnati, wasu a makarantun kuɗi, wasu kuma su haɗa da Islamiyya da yamma. Shugaba ya ce mu zo mu yi bayani ne saboda koke-koke sun yi yawa. Iyaye suna cewa malamai sun cika duka da tsawa. Malamai kuma suna cewa yaranmu ba sa jin magana, sun hana aji zaman lafiya. To, mu dai a tsakiya muke, domin mu malamai ne kuma mu iyaye ne, kuma gaskiyar magana kowane ɓangare yana da tasa hujjar.

Bari mu fara da shigar da ku cikin aji, tunda da yawa daga cikinmu iyakarmu bakin ƙofar makaranta. Manufar ilimi ta ƙasa, a bugunta na 2004, ta ce malami ɗaya na firamare ya riƙe yara 35. Wannan a takarda ke nan. A cikinmu nan akwai mai yara 60, akwai mai 70. Tun da Awolowo ya buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, aka zo UPE a 1976, aka zo UBE a 1999, yara ƙaruwa suke yi, abin farin ciki ne kuwa, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da yaran ba. Ku yi lissafi da kanku: darasi na minti 35, yara 70. Ko da malam bai rubuta komai a allo ba, bai kira suna ba, kowane yaro rabin minti zai samu. Benci na mutum uku an cusa masa biyar, kwano ya ɗau zafi, wanda ke baya ba ya ganin allo. A irin wannan ɗaki, yaro ɗaya ya tsunkuli na kusa da shi ya isa ya cinye rabin darasi.

Shi kuma malamin da ke tsaye a gaban allo, da kayansa ya shigo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya raba mutum da barci. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma ku tambayi malaman ƙananan makarantun kuɗi nawa ake ba su, sai ku riƙe baki. Wani in an tashi sai ya wuce lesin, wani ya ɗauki babur ya shiga acaɓa, da dare kuma ga littattafan yara jibge suna jiran maki. Dishewar murya ta zama mana ruwan dare, ga ciwon kai, ga hawan jini. Ba mun faɗi wannan don a tausaya mana ba ne. Mun faɗa ne don ku san cewa mutumin da yaronku yake yi wa gwalo a aji, sau da yawa haƙurinsa ya kusa ƙarewa tun kafin ya ɗauki alli.

Yanzu sai mu zo kan yaran. Mun zauna mu da mu, kowa ya kawo sunayen waɗanda suka fi damunsa a ajinsa, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka gani ya ba mu kunya, domin kaɗan ne a cikinsu za a ce musu marasa kunya na gaske. Ruwa ba ya tsami banza.

Babban abu shi ne harshe, kuma a nan muke so ku saurara da kyau, don wannan matsala tamu ce ta mazauna nan, ɗan Kano ko ɗan Sakkwato bai san ta ba kamar yadda muka san ta. Yaronmu yana tashi da Hausa a gida. Ya je makarantar allo ya kama Larabci. Ya shiga boko, littafi da Turanci, malama kuma idan ta ga yara ba su gane ba sai ta juya ta yi musu bayani da Yarbanci. Ba laifinta ba ne, domin manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko harshen mutanen wurin, kuma harshen mutanen wurin nan Yarbanci ne. Yaron da aka haifa a nan, wanda ya yi wasa da 'ya'yan Mokola, yakan tsinci abinsa. Amma wanda aka kawo daga gida bara ko bana fa? Yana zaune daga ƙarfe takwas har azahar ana magana a kansa da harsuna biyu, ba ya jin ko ɗaya. Aka yi dariya, bai san ko da shi ake ba. Aka tambaye shi, ya yi shiru, aka ce daƙiƙi ne. Jama'a, ko babban mutum aka zaunar haka mako guda, sai ya nemi abin yi. To shi yaro abin yinsa shi ne jifa da takarda, da jan rigar na gaba, da kukan akuya idan malama ta juya baya. Ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa jaki, don fitinanne ko ba komai ana jin tsoronsa.

Sai gajiya. Yaro ya tashi da asuba ya yi karatun allo, ya ruga boko, wani ko koko bai sha ba. An tashi ya tafi Islamiyya, daga can a ɗora masa tire, ko a ce ya je ya tsare wa baba rumfa. Da dare kuma gidan kallon ƙwallo ko waya har sha biyu. Ba muna cewa a rage karatun addini ba ne, Allah ya kiyaye, mu ma da shi muka tashi. Amma yaron da bai yi barci ba, da hantsi abu biyu ne: ko ya kife kai a benci, ko ya zama kamar an sa masa barkono.

Na uku shi ne tafiye-tafiyenmu. An tafi gida Sallah ko biki, an ce mako ɗaya, sai a yi wata biyu. Yaro ya dawo an wuce shi, bai san inda aka kwana ba, sai ya koma bencin baya ya kafa majalisa. Mun ga irin haka a kan kowa da kowa bayan rufe makarantu na annobar korona a 2020, da yara suka yi watanni a gida suka dawo sun manta ma yadda ake zama a aji. Abin da annoba ta yi wa mutane sau ɗaya, mu muna yi wa 'ya'yanmu da hannunmu kusan kowace shekara.

To, mu malamai kada mu wanke kanmu. Akwai ranar da malami zai zo da ɓacin ran gidansa ya sauke a kan yaro. Akwai tsallen kwaɗo da kamun kunne da ake sa yaro har ya kasa tafiya. Akwai kuma zagi, wanda ya fi bulala ciwo. Wasu abokan aikinmu, ba duka ba, idan yaro ɗaya ya yi laifi sai su ce ai halin 'ya'yan Gambari ke nan, alhali ga nasu 'ya'yan suna yin wanda ya fi shi. Wannan muna faɗa musu a ɗakin malamai, kuma ba za mu daina ba. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro, kuma malamin da ya ji wa yaro rauni zai iya tsintar kansa gaban hukuma. Ko ba doka ma, mun gwada bulala shekara da shekaru. Tana kawo shiru na minti goma. Yaron da ake duka kullum sai jikinsa ya saba, har ya riƙa miƙo hannu yana murmushi, abokansa suna ganinsa gwarzo. Daga nan malami ba shi da sauran makami.

Amma akwai abin da ya fi karya mana gwiwa, kuma a gafarce mu, daga wajenku yake fitowa. Ɗaya daga cikinmu ta hori wani yaro da ya fasa wa yarinya baki da gwangwanin lissafi. Horon ma durƙuso ne kawai. Washegari sai ga mahaifinsa da ƙannensa biyu, ba su bi ta ofishin hedimasta ba, kai tsaye suka faɗa aji, ya nuna ta da yatsa gaban yara ya ce in ta sake taɓa masa ɗa za ta gani. Bai tambayi abin da ɗan ya yi ba. Shekara uku yaron yana makarantar, ranar ce farkon zuwan uban. Daga ranar ajin nan ya fi ƙarfinta, domin kowane yaro ya ga cewa malama abar tsoratarwa ce. Shi kuwa yaron, da ya ga ba mai iya ce masa kul, sai ya fara zuwa ranar da ya ga dama, kafin shekara ta ƙare ya daina zuwa gaba ɗaya. Yanzu a tasha ake ganinsa. Uban yana ganin ya kare ɗansa ne.

A da, uba yakan kamo hannun yaro ya kai wa malam ya ce ga ɗanka nan. Ba muna neman a dawo da zamanin dorina ba ne. Muna neman wannan amanar ce ta dawo.

Ga abin da muka gwada a azuzuwanmu muka ga yana aiki, kuma ba ya cin ko kwabo. Yaron da ya fi kowa tsiya, mukan ɗauko shi daga baya mu kawo shi gaba, mu ba shi aiki: shi ne mai share allo, shi ne mai tattara littattafai, wani lokaci ma shi ne monita. Za ku yi mamakin yadda mai hana aji zama yake iya zaunar da aji. Idan surutu ya tashi, maimakon mu ɗaga murya sai mu sauke ta, ko mu yi shiru mu tsaya kusa da bencin mai surutun muna ci gaba da darasi. Idan laifi ya yi girma ba ma tozarta yaro gaban 'yan'uwansa, sai lokacin tara mu kira shi gefe mu tambaye shi me ke damunsa. A irin wannan tambaya ce ɗayanmu ya gano cewa wani yaro da ake ta duka a kan ƙin kwafar rubutu, ashe ba ya ganin allo ne sam, tabarau yake buƙata. Sabon zuwa daga gida kuma mukan zaunar da shi kusa da ɗanmu mai jin Yarbanci da Turanci, mu ba su izinin yin raɗa. Dokokin aji kaɗan ne, amma wanda ya karya yau da wanda ya karya gobe hukuncinsu ɗaya, ko ɗan wane ne. Sannan mun yi wa juna alkawari cewa ba mai hora yaro yana cikin fushi. Malamanmu na fiƙihu ma sun hana alƙali yanke hukunci a wannan hali, balle mu. Wanda ya ji zuciyarsa ta hau, ya leƙa ajin maƙwabcinsa ya ce riƙe mini minti biyar, ya fita ya sha ruwa.

Ba za mu ce kowane yaro yana gyaruwa da wannan ba. Akwai wanda sai an haɗa da uba da liman da hedimasta, akwai ma wanda ya fara shaye-shaye, wannan kam ya wuce aikin malami shi kaɗai.

Abin da muke roƙonku, iyayenmu, ku zo makaranta tun ba a yi faɗa ba. Ko sau ɗaya a zango, uba ya leƙo ya gaisa da malamin ɗansa, yaro ya gani da idonsa cewa sun san juna. Mun san da yawa suna kan hanya, wani yana bin motar shanu, wani yana harkar goro, sai ya yi makonni ba ya gida. To a wakilta kawu ko yaya, ko uwa ta zo da kanta, ba abin kunya ba ne. Wanda yake jin nauyin Turanci ko Yarbanci ya neme mu, za mu raka shi mu yi masa tafinta. A ba yaro abin karyawa kafin ya fita, a karɓe waya bayan isha'i, tafiya gida kuma a daidaita ta da hutu. Idan yaro ya kawo ƙarar malami, a saurare shi, don wani lokaci gaskiya yake faɗa, amma a bi ta ofishin hedimasta, kada a shiga aji.

Muna kuma roƙon ƙungiya abu biyu. Na farko, a naɗa dattawa uku ko huɗu, har da mace a ciki, waɗanda duk wata rigima tsakanin uba da malami za ta fara biyowa ta hannunsu kafin ta kai ga 'yan sanda. Na biyu, alarammomi da masu Islamiyya su zauna da mu a duba lokutan karatu, sannan a ba mu aron zaure ɗaya ranar Asabar da Lahadi da safe, mu riƙa koya wa sababbin zuwa Turanci da ɗan Yarbancin shiga aji. Mu mun ɗauki nauyin koyarwar kyauta, alli da benci kawai muke nema. Wanda yake da yaron da aka kawo daga gida cikin shekarar nan, ya ba sakatare sunansa da ajinsa kafin a watse.