Jin Taɓi da Sanin Matsayin Gaɓoɓi ga Yara Masu Galahanga: Darasi Domin Iyayen Dingyadi



Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan yaron da kan ƙwalla ƙara in an shafa kansa, amma ya natsu in an rungume shi da ƙarfi. A Dingyadi, cikin ƙasar Boɗinga, kamar sauran garuruwan Hausa, akan ce irin wannan yaro sangarta ke damunsa ko kuwa iska ta taɓa shi. Sau da yawa lalura ce da likitoci ke kira otizim, wadda akan kira galahanga da Hausa. Likita Leo Kanner na Amurka ya bayyana ta a 1943, bayan ya nazarci yara 11.

Bayan hanyoyi biyar da kowa ya sani, irin su ji da gani, jiki yana da wata hanya ta sanin inda kowace gaɓa take ba tare da ido ya duba ba. Da ita mai tallan fura ke tafiya da ƙwarya a ka ba ta riƙe ba, da ita kuma dattijo ke naɗa rawani cikin duhu. Charles Sherrington na Ingila ya raɗa mata suna a 1906. Saƙonta yana fitowa daga tsoka da jijiya da mahaɗar ƙashi zuwa ƙwaƙwalwa.

Ga masu galahanga da dama, wannan saƙo da na fata kan isa ko dai da ƙarfi fiye da kima, ko kuwa a raunane. Wanda saƙon ya yi wa yawa, ɗinkin wuyan riga kan zame masa kamar ƙaya, ranar aski ko kitso kuwa ranar azaba ce. Wanda ya yi wa kaɗan, shi ne kan yi ta karo da bango, ya damƙe alƙalami har ya karye, ya cusa kansa ƙarƙashin katifa yana neman matsi. Tun 2013 littafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya sanya wannan cikin alamomin lalurar. Temple Grandin, wadda ita kanta mai lalurar ce, ta lura shanu kan natsu in an matse su cikin maƙalin allura, sai ta ƙera wa kanta na'urar matsi a 1965.

A nan ne masu jiyya ta hanyar ayyukan yau da kullum ke shigowa, bisa tafarkin da Jean Ayres ta shimfiɗa a littafinta na 1972. Aikinsu shi ne yaro ya iya cin abinci, ya sa tufa, ya zauna a aji. Kayan aikin kuwa ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe: goyo da majanyi matsi ne, daka da jan guga da ɗaukar tulu daidai ƙarfin yaro aikin tsoka ne mai sanar da shi jikinsa. A sanar da shi kafin a taɓa shi, a taɓa da tafin hannu sosai maimakon shafa, a bar shi in ya ƙi.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana cewa hujjojin amfanin wannan jiyya ba su kammala ba. Ba ta warkar da galahanga, sauƙaƙa rayuwa take yi, kuma abin da ya dace da wani yaro kan cutar da wani. Don haka matakin farko shi ne a kai yaro a auna shi, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Bulala da ɗauri ba su gyara saƙon jijiya. Tsoro kurum suke ƙara wa yaron da fatarsa ta riga ta dame shi.