Jawabi A Kan Karatun Aikin Jin Daɗin Jama'a

Ranku ya daɗe Hakimai, Allah ya gafarta Malamai.

Kun fi kowa sanin irin maganganun da ke zuwa zaurenku: maraya wanda dangi suka ƙi riƙo, matar da miji ya tafi ya bari ba ci ba sha, yaron da aka kama da sata tun bai balaga ba. Warware irin waɗannan ilmi ne da ake koyo a jami'a, shekara 4. Ɗalibi yakan karanta halin ɗan Adam, da zaman jama'a, da dokokin da suka shafi yara, sa'an nan a tura shi gwajin aiki. In ya gama, sai ya kama aiki a ƙaramar hukuma, ko asibiti, ko gidan marayu, ko gidan horon yara irin na Kakuri a Kaduna.

Amma fa ma'aikaci namiji ba shi shiga cikin gida wurin matan kulle, ga shi kuwa yawancin kukan can yake. Saboda haka in uba ya zo neman shawara a kan 'yarsa da ta gama sakandare, ku ambata masa wannan karatu. Ku kuma Malamai, kada takardar shaidar asalinta ta kwana a teburinku har lokacin ɗaukar ɗalibai ya wuce.