Daga Nima zuwa Fumban: Abin da hanyar dutse ta koya mini

 

Shugaba ya ce in yi magana a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, na ce ni ba malami ba ne, falke ne. Ya ce to, faɗi abin da hanya ta koya maka. Shi ya sa zan ba ku labarin tafiyata zuwa Fumban, masarautar Bamun da ke kan tuddan yammacin Kamaru, don a ƙarshensa akwai roƙon da zan yi.

Daga nan Ankara zuwa can, iyaka huɗu ake ƙetarewa. Ka fita ta Aflao ka shiga Lome, ka wuce Hilakonji zuwa Kwatano, ka ƙetare Seme ka faɗa Legas. Waɗannan uku duk mun san su. Tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan yankin nan ke shiga ƙasar maƙwabta ba biza, ya zauna har kwana 90. Wannan sauƙin ne ya sangarta mu, har muka ɗauka duk duniya haka take. Iyaka ta huɗu ita ke tunatar da mutum, domin Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Mai fasfon Gana sai da biza, sai da katin rigakafin shawara. Mai mota kuma, inshorarsa ta katin ruwan ƙasa ta ƙare a bakin Najeriya, can wani kati daban suke karɓa.

A da hanyar da aka fi bi ita ce Anaca, Inugu, Abakaliki, Ikom, a haye gadar Mfum zuwa Ekok, sai Mamfe, Bamenda, Bafusam, Fumbot, a sauka Fumban. Amma tun rikicin da ya ɓarke a yankin masu jin Ingilishi a 2016, wannan hanya ta zama ta kasada, ranar Litinin ma kasuwanni da motoci tsayawa suke. Saboda haka ni ta jihar Taraba na bi: Wukari, Bali, Serti. Daga Mayo Selbe mota ke fara hawan dutsen Mambila, tana nishi tana karkata kwana bayan kwana, har Mai Samari, Nguroje da Gembu. Ni da na tashi cikin zafin Nima, a nan na san ana iya karkarwar sanyi da rana tsaka. Daga tsaunin ake gangarawa Kamaru, a kama hanyar da ta haɗa Banyo da Fumban.

Yanzu ga kuskurena, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko, na tashi cikin damina, don ina gaggawar riga wasu kasuwa. Na biyu, na canji kuɗina a Lome, na cika aljihu da sefa, ina cewa ai sefa sefa ce. Ashe biyu ce. Ta yamma daban, ta Afirka ta tsakiya daban. Darajarsu ɗaya a takarda, amma mai shayi a Kamaru ba zai karɓi ta Togo ba. Motarmu ta kafe a laka, muka kwana biyu a daji, ruwa ya shiga dilar atamfata. Ga ni da kuɗi a jiki, ga yunwa, ba abin da zan iya saya. Da na samu mai canji, ya ga matsuwa a fuskata, ya yanke ni yadda ya so. Ban zarge shi ba kamar yadda na zargi kaina.

Na isa Fumban da magariba, ban san kowa ba. Abu ɗaya na tuna, wanda mahaifina ya sha faɗa: in ka sauka baƙon gari, nemi masallaci, ka tambayi unguwar Hausawa. Haka na yi. Wani dattijo ya ji hausata, ya ce daga ina? Na ce daga Zangon Ankara. Ya ce kakansa ya yi fataucin goro a Gwanja. Bai nemi takardata ba. Ya ba ni ɗaki, matarsa ta shanya mini atamfa a igiya har ta bushe, ya haɗa ni da dillali mai amana, ya tsaya mini a kan bashi. Da na zo tafiya na miƙa masa wani abu, ya ce in ajiye, in yi wa baƙon da zai sauka gidana.

'Yan'uwa, wannan gari ya cancanci wahalar zuwa. Sarkinsu Ibrahim Njoya, wanda ya rasu a 1933 a Yawunde inda Faransawa suka kai shi, shi ne ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutu nasu na kansu tun ƙarshen ƙarni na 19. Fulanin Banyo ne suka taimake shi a yaƙin cikin gida, ta nan Musulunci ya samu gindin zama a fada, kuma fatakenmu suka samu masauki. Fadar da ya gina a 1917 tana nan tsaye daura da kasuwa. Sarki na yanzu, Nabil Mbombo Njoya, ya hau gado a 2021. Akwai layi guda na masu zubin tagulla da masu sassaƙa, kayan da ake nema a kasuwar kayan hannu ta nan Ankara. Sai dai ku kula: ku sayi sabon aiki, ku karɓi rasit. Tsohon kayan tarihi ba na fitarwa ba ne, kuma yana iya kai mutum gidan yari.

Ga matasanmu ina cewa, ku yi biza tun kuna gida. Ku tashi da rani. Ku nemi kuɗin ƙasar kafin ku shige ta. Kada ku bi ɓarauniyar hanya don gudun kwastan, domin wanda ya shiga ba hatimi, in abu ya same shi ba wanda zai iya cewa ya taɓa shiga. Ku kuma tambayi halin tsaron hanya a ranar tafiya, labarin bara ba ya tsare kowa. Matambayi ba ya ɓata.

Sai roƙona. Kakanninmu ba sa tafiya sai da madugu, da jagaba a gaba, da maigida a kowane zango daga Kano har Salaga. Mu kuwa muna da waya a hannu, amma yaro zai tashi daga Mamobi shi kaɗai, ba wanda ya san inda ya nufa. Mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har Disambar 2020, yadda kayan mutanenmu suka maƙale a Seme, jari ya narke. Ofishin yarjejeniyar kasuwanci ta Afirka baki ɗaya a garin nan yake, tun Janairun 2021 aka ce an fara aiki da ita, amma ba ita za ta fitar da motarka daga laka ba.

Don haka ina roƙon abu biyu. A buɗe littafi a ofishinmu, duk mai tafiya ya rubuta sunansa, hanyarsa da ranar da yake sa ran dawowa, tsofaffi kuma mu rubuta masaukan amana da muka sani a kowane gari. Sa'an nan a kafa asusun agaji, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, don ɗan ƙungiyar da hanya ta ritsa da shi. Ni zan fara zubawa yau, don har yanzu dattijon Fumban yana bina bashi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka share mana hanya, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya sa albarka a neman kowa. Wassalamu alaikum.