'Yar Taga da Uwarta



An nemi in yi magana a kan kwamfuta, sai na zaɓi wani abu ƙarami ƙwarai, wanda mai rubuta manhaja yakan gama da shi a layi guda, ko kuwa ya manta da shi ɗungurungum. Dalilina shi ne abin da na gani da idona a wani ofishin kuɗi, lokacin da nake bautar ƙasa. Wani akawu ya wuni yana shigar da albashin ma'aikata. Da la'asar ya danna maɓallin adanawa, sai komai ya tsaya cik. Ya danna nan, ya danna can, shiru. Ya ce injin ya sandare, ya zare wayarsa daga bango, aikin wuni guda ya bi ruwa. Alhali kuwa lafiyar injin ƙalau. Tambayarsa ya yi ko ya yarda sabon fayil ya maye gurbin tsohon, amma 'yar tagar da ke ɗauke da tambayar ta ɓuya a bayan babbar.

To, jama'a, yaya aka yi haka? Irin wannan 'yar taga, wadda za mu kira akwatin tambaya, sau da yawa takan kulle babbar tagar har sai an ba ta amsa. Amma manhajar da ta haife ta ba ita ke jera tagogi a kan allo ba. Akwai wani sashe dabam mai wannan aiki, mu ce masa mai kula da tagogi, kuma shi bai san wa ya haifi wa ba sai an gaya masa. In ba a gaya masa ba, sai ya ɗauki akwatin a matsayin baƙo mai zaman kansa, ya ajiye shi inda ya ga dama, ya kuma bar babbar taga ta rufe shi. Sai ga ƙofa a kulle, mabuɗi kuwa a ciki.

Wannan matsala ba ta yau ba ce. An fara tsarin tagogi na X a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sannan a 1989 aka fitar da ƙa'idojin zaman tare tsakanin manhajoji da mai kula da tagogi, waɗanda David Rosenthal ya tsara. A ciki aka tanadi wata alama, WM_TRANSIENT_FOR, wadda akwati ke liƙawa a jikinsa don ya faɗi tagar da yake wa hidima. Mai aiki da GTK ita yake liƙawa duk sa'ad da ya kira gtk_window_set_transient_for, kuma GTK 3 takan yi masa gargaɗi in ya fito da akwati maras uwa. Abin takaici, yawancinmu ba ma karanta gargaɗi muddin manhaja ta tashi.

Mutanen Windows sun raba zumuncin gida biyu, kuma a ganina sun yi hikima. Akwai uwa, wadda ɗanta ke zaune cikin jikinta, ba ya ƙetare iyakarta, kamar maɓalli. Akwai kuma ubangida, wanda yaronsa ke da 'yancin yawo a allo, amma kullum yana samansa, in an naɗe ubangida ya ɓace, in an rufe shi ya mutu. Akwatin tambaya ubangida yake bukata. Abu na farko da MessageBox ke nema ke nan, mu kuwa saboda gaggawa sai mu bar gurbin fanko.

A Qt, wadda ta fito daga Norway a 1995, uwa guda ke ɗaukar nauyin duka. Ita ke sa akwati ya bayyana a tsakiyar tagarsa, ita ce kuma ke share shi daga ƙwaƙwalwar injin ranar da aka share ta. Shi ya sa ɗalibin da ke rubuta Qt da Python yakan ga akwatinsa ya ƙyalla ya ɓace nan take: ba uwar da ta riƙe shi, sai mai sharar ƙwaƙwalwa ya kwashe shi.

Kada wani ya ce zai lissafa tsakiyar allo da kansa ya dasa akwatin a can. A Wayland, wanda ke maye gurbin X a kwamfutocin Linux, ba a yarda manhaja ta zaɓar wa tagarta mazauni ba, sai dai ta faɗi uwarta.

Gwajin kuwa ba wuya. Ku buɗe akwatin, ku danna babbar tagar, ku ga ko ya ɓuya. Ku naɗe babbar, ku ga ko ya bi ta. In kuna da allo biyu, ku ja manhajar zuwa na biyun, ku sake buɗe akwatin, ku duba a wanne ya fito.