Jawabi ga Malaman Kafinta kan Aiki da Rauta



Mu masu koyar da kafinta, 'ya'yan mutane ne a hannunmu, kuma cikin injunanmu kaɗan ne ke cin yatsa da sauri kamar rauta da babbar 'yar uwarta ta kan tebur, masu fitar da ado a gefen katako. Bakin rauta yakan juya sau 20,000 a minti guda. Kafin ɗalibi ya janye hannu, aikin gama ya gama.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗaukewar wuta. Inji ya yi shiru, yaro ya ajiye shi ba tare da ya kashe ba, ko ya hau sauya baki. Wuta na dawowa, sai injin ya tashi da kansa. Don haka ya zama doka: da an ɗauke wuta a kashe, a zare filogi, kuma ba a taɓa baki sai filogin yana gaban ido.

Katako kuwa a tura shi yana fuskantar juyin baki. In ya bi juyin, za a fizge shi har da hannu. A ci kaɗan-kaɗan, ƙaramin guntu a tura da sanda. Babbar riga da safar hannu su tsaya a ƙofa, tabarau da takunkumi su shigo. Bakin da ƙaro ya daskare a kansa yana ƙona katako, ya sa a danna da ƙarfi, a nan hannu ke zamewa. A goge shi bayan aiki, a shafa ɗan mai saboda tsatsar damina.

Muna roƙon reshe ya matsa wa hukumomin makarantu su sanya makunnin da ba ya tayar da inji idan wuta ta dawo.